Fashin baƙi: ciyawar ƙarƙashin teku da maganar kuɗin kabon

Tun da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a 2022, bisa shawarar ƙasar Siri Lanka, cewa ranar 1 ga Maris ta zama ranar ciyawar teku ta duniya, duk shekara idan ranar ta zagayo sai saƙo iri ɗaya ya riƙa yawo a Facebook da WhatsApp, har a wayoyin mutanen Yamai. Wai akwai wata ciyawa a ƙarƙashin teku da take shanye iskar kabon ninki 35 fiye da kurmi, kuma wai ƙasashen da suke da ita za su kwashi kuɗi a kasuwar kabon, wato inda masu fitar da hayaƙi suke biyan waɗanda shukarsu ke shanye shi. Wasu suna ɗauka gansakuka ce, wasu kuma suna kwatanta ta da shukar nan mai shuɗin fure da ke toshe kogin Isa. Wace ciyawa ce wannan, me ke kashe ta, nawa ne gaskiya a cikin lissafin kabon ɗin, kuma mu da muke fiye da kilomita dubu daga tashar Kwatano, ina ruwanmu da ita?

Wace irin shuka ce?

Ciyawar teku iri-iri ce, ta kai kusan nau'i 70 a duniya. Wadda ta fi yaɗuwa a yankunan da ruwansu ke da sanyi ita ce wadda masana suke kira Zostera marina, sunan da masanin tsirrai ɗan Suwidin Karl Liniyas ya raɗa mata a 1753, daga kalmar Girkanci mai nufin ɗamara, saboda ganyenta dogo ne siriri kamar ɗamara. Faɗin ganyen bai cika wuce santimita ɗaya ba, tsawonsa kuwa daga taƙi ɗaya ko biyu har ya zarce mita ɗaya inda wuri ya karɓe ta. Ana samun ta a gaɓar arewacin Atlantika da arewacin Pasifik: Alaska, Kanada, Amurka, Norwe, Danmak, Ingila, Faransa, Japan, Koriya, har cikin tekun Baltik da wasu lunguna na Bahar Rum.

Abin da ya raba ta da gansakuka shi ne ita cikakkiyar shuka ce. Tana da saiwa, tana da ganye mai jijiya, tana fure, tana ƴaƴa. Gansakuka manna jikinta kawai take yi da dutse, ba ta da saiwar da ke tsotso abinci daga ƙasa. Ita kuwa wannan tana da kara mai rarrafe a cikin yashi ko laka, irin na tofa ko citta, kowace gaɓa ta karan tana fitar da saiwa ƙasa, ta tura sabon tsiro sama. Da haka ne tushe ɗaya yake mamaye fili, tsirrai ɗaruruwa a kowace murabba'in mita, har wurin ya zama makiyaya sak, sai dai a ƙarƙashin ruwa.

Masana sun ce kakanninta shuke-shuken tudu ne da suka koma teku kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. Binciken ƙwayoyin halittarta da aka wallafa a 2016 ya nuna ta rabu da ƙananan ƙofofin numfashin da ganyen tudu yake da su, tana shaƙar abin da take buƙata kai tsaye ta fatar ganye. Bununinta ma ba iska ko zuma ke ɗaukarsa ba. Zare-zare ne dogaye da ruwa yake ja har su maƙale a furen mace. Irinta bai fi ƙaramar ƙwayar shinkafa girma ba, kuma ana ci: mutanen Seri da ke gaɓar jihar Sonora a Meziko sun daɗe suna tara shi a bazara, su shanya, su sussuke, su niƙa gari. A tsibirin Laso na Danmak kuwa busasshen ganyenta ake jinkar ɗaki da shi, jinkar da ke ɗaukar shekaru aru-aru domin gishirin da ganyen ya sha yana hana ruɓewa da kamawar wuta.

Kafin wani ya tambaya, ba za ta yi a kogin Isa ko tafkin Tabalak ba. Tana jure ruwa mai ɗan gishiri-gishiri kamar na Baltik, amma ruwan daɗi zalla yana kashe ta. Zafi ma haka. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 20, idan ruwa ya wuce 25 ta fara wahala, idan ya daɗe kusa da 30 sai ta mutu.

Rayuwarta a hannun haske take

Duk wanda yake son fahimtar halin da wannan ciyawa take ciki, to ya riƙe maganar haske. Gansakuka tana iya rayuwa da kashi ɗaya cikin ɗari na hasken da ya sauka a saman ruwa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ciyawar teku tana buƙatar aƙalla kashi 10 zuwa 20. Shi ya sa ba ta nisa da gaɓa: galibi daga bakin ruwa zuwa zurfin mita ƴan kaɗan, sai inda ruwa yake garau ne take kai mita goma.

Dalilin wannan kwaɗayin haske yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta da karanta suna binne cikin laka wadda babu iskar oksijin a cikinta, kuma su ma rayayyu ne, sai sun yi numfashi. Ganye ne yake haɗa oksijin da rana, ya tura shi ƙasa ta wasu ƙananan hanyoyin iska da ke cikin jikin shukar, kamar ramukan da ake gani idan aka karya karan bado. Wani ɓangare na iskar yana tsatsowa ta bakin saiwa, ya yi mata katanga. Katangar kuwa dole ce, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin lakar teku suna fitar da wani sinadari mai guba, dangin farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa tona baƙar lakar kwata ya san warin. Idan haske ya ragu, oksijin ɗin da ke sauka ya ragu, gubar ta kutsa cikin saiwa ta hau zuwa inda sabon ganye ke fitowa. Sai ka ga fili kore shar a watan jiya, a wannan watan tsirrai suna tsinkewa daga tushe suna yawo a saman ruwa.

Ma'aunin da masu sa ido suke amfani da shi mai sauƙi ne ƙwarai. Wani farin faifai ne mai faɗin santimita 30, ɗaure da igiya mai alamar tsawo. Ana sauke shi a hankali ta gefen inuwar kwalekwale har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin, a jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta, a raba tsakani. A wurare da yawa iyakar zurfin da ciyawar take kaiwa bai yi nisa da wannan adadi ba. Idan faifai yana ɓacewa a mita biyar a da, yanzu yana ɓacewa a mita biyu, to duk ciyawar da ke can ƙasa ta tafi, ko da babu wanda ya taɓa ta da hannu.

Me ke rage hasken?

Mafi yawan abin da ke kashe ciyawar teku daga tudu yake zuwa. Takin zamani da ya yi wa gona yawa, irin su yuriya, da kashin dabbobin manyan gidajen kiwo, da ruwan masai na birane, duk suna bin koguna su faɗa gaɓa ɗauke da naitirojin da fosfaras. Abin da ke ciyar da masara shi ke ciyar da gansakuka. Ƙananan da ido ba ya gani suna mayar da ruwa kore kamar miyar kuka, masu kama da gashi suna lulluɓe ganyen ciyawar, manyan kuma suna kwantawa a kanta kamar tabarma. Sai laka da zaizayar ƙasa ta kwaso, da wadda ake tayarwa wajen yashe hanyar jiragen ruwa. Akwai kuma ɓarna ta kai tsaye: ƙugiyar tsayar da jirgi tana tumɓuke kara, sarƙar da ake ɗaure jirgi da ita tana share da'ira a ƙasa duk lokacin da iska ta juya, komar da ake ja a ƙasan teku kuma tana aske fili.

Zafi ya shigo sahu a baya-bayan nan. A mashigin Cesapik na Amurka, bazarar 2005 da ta 2010 sun yi zafin da ya kashe ciyawar a wurare masu faɗi. Zafi yana ƙara wa shukar buƙatar oksijin, wato yana ƙara mata buƙatar haske, a daidai lokacin da ruwa ya fi dagulewa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Babbar annobar da aka taɓa gani kuwa cuta ce. A farkon shekarun 1930 baƙaƙen ɗigo suka fara bayyana a ganye, suna bazuwa har ganyen ya ruɓe. Cikin ƴan shekaru kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan ciyawa ya shuɗe a gaɓar Atlantika ta Amurka da ta Turai. Sai bayan shekaru fiye da hamsin aka tabbatar da ƙwayar da ke haddasa ta, Labyrinthula zosterae. Abin da ya biyo baya shi ya buɗe idon mutane. Wani nau'in dinyar ruwa da ke kiwo a kanta ya ragu matuƙa, sana'ar kamun wani abin ɓawo mai kama da makankari ta durƙushe a garuruwan gaɓar Amurka, wani ƙaramin dodon koɗi da ba ya rayuwa sai a kan ganyenta ya ƙare ƙurmus daga Atlantika. Wani babban nazari da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa daga 1879 an yi asarar kashi 29 cikin ɗari na filayen ciyawar teku da aka sani a duniya, kuma saurin asarar ya ƙaru daga 1990.

Akwai wani abu da manomin Tahoua zai gane nan take. Filin da ke da ciyawa yana rage ƙarfin igiyar ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya washe, haske ya isa ƙasa, ciyawa ta ƙara yaɗuwa. Idan ta tafi, kowace iska sai ta dama lakar, ruwa ya yi duhu, ɗan tsiron da ya fito bai samu haske ba, bai kuma samu ƙasa mai riƙe saiwa ba. Wannan shi ne fako, sai dai na ƙarƙashin teku. A gaɓar Holan, manyan filayen da suka mutu a shekarun 1930, lokacin da cutar ta haɗu da ginin babbar madatsar da aka rufe a 1932, har yau ba su dawo yadda suke ba.

Lissafin kabon: ina gaskiya, ina ƙari?

Gaskiya ne ciyawar teku tana binne kabon. Filayenta ba su kai kashi 0.2 cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta suna da kusan kashi goma na kabon ɗin da ake binnewa a lakar teku kowace shekara. Sirrin ba a ganye yake ba, domin ganyen yana zubewa ya ruɓe ko igiyar ruwa ta kwashe shi. A laka yake. Matattun saiwoyi da ɓurɓushin da ciyawar ta tare suna taruwa a inda babu oksijin, saboda haka ruɓewarsu tana tafiyar hawainiya, laka tana hawa kan laka shekara da shekaru.

Inda aka yi ƙari shi ne ɗaukar adadi mafi girma a shafa wa kowa. Mafi yawan manyan alƙaluman sun fito ne daga wata ciyawar daban, Posidonia oceanica ta Bahar Rum, wadda ƴan ci-ranin da suka zauna a gaɓar Libiya, Tunisiya ko Aljeriya suka san ƙwallayen zarenta masu launin ƙasa da teku ke amayarwa a bakin yashi. Ita tana gina tarin saiwa mai kaurin mitoci da ke daɗewa dubban shekaru. Zostera marina ba ta yin haka. A lungu mai laka inda ruwa yake kwance tana tara kabon mai yawa, a fili mai yashi inda igiya ke dukansa kuwa abin da take tarawa bai fi na yashin da babu ciyawa da wani abin kirki ba. Maganar ninki 35 kuma kwatanci ne na saurin binnewa a ƙasa kawai, ba a sa gangar jikin itatuwan kurmi a ma'auni ba, alhali nan ne kurmi yake ajiye kaso mai yawa na nasa.

Masu sukar sayar da wannan kabon suna ƙara hujja biyu masu nauyi. Kimanin rabin kabon ɗin da ke cikin lakar ba ciyawar ce ta shaƙo shi ba, daga wani wuri ruwa ya kawo shi ta tare. Kuma lakar tana fitar da wasu iskoki masu ɗumama duniya, irin su misen, waɗanda dole a cire daga riba. Da aka yi cikakken lissafi a filin da aka farfaɗo a jihar Bajiniya ta Amurka, ribar ba ta kai tan ɗaya na iskar kabon a kowace hekta a shekara ba, kuɗin da za a samu kuma ƙaramin kaso ne na abin da aka kashe wajen aikin. Masu goyon baya suna cewa ko kaɗan ne ya fi babu, kuma kuɗin kabon ne ya sa gwamnatoci suka fara kula da shukar da a da babu mai waiwayarta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma a ganina haɗarin ya fi yawa idan aka jingina darajarta a kan kabon kaɗai, domin ranar da lissafi ya fito ƙasa da alkawari, masu kuɗi za su juya baya, alhali amfaninta na ainihi yana nan: riƙe gaɓa, tace ruwa, da renon kifi. Ƴaƴan kifin kod suna ɓuya a cikinta, kifin herin yana manna ƙwansa a ganyenta, ƙaguwa da jatan lande suna girma a tsakanin tsirranta. Wani nazari ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na manyan kamun kifi 25 na duniya yana da alaƙa da filayen ciyawar teku a matsayin gidan reno.

Ana iya dawo da ita?

Ana iyawa, amma da sharaɗi. Aikin da ya fi shahara shi ne na lungunan gaɓar Bajiniya, inda cutar da guguwar 1933 suka share ciyawar. Masana sun lura ruwan wurin yana nan garau, domin babu manyan birane a kusa, abin da ya rasa kawai iri ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 suka fara. A watan Mayu da Yuni ake tsinko rassan da ke ɗauke da iri daga fili mai lafiya, a zuba a manyan tankuna da ruwan teku ke gudana a ciki har irin ya nuna ya zube ƙasa, a tace shi daga ruɓaɓɓen ganye, a ajiye cikin ruwan gishiri mai sanyi, sai kaka ta yi a watsa daga kwalekwale. Sau da yawa abin da ke zama tsiro bai kai goma cikin ɗari ba. Duk da haka, iri fiye da miliyan 70 da aka watsa cikin shekaru ashirin ya haifar da fili mai hekta 3,600 da ɗoriya, mafi yawansa ciyawar ce ta yaɗa kanta. A yankin Wels na Birtaniya kuwa, a 2020, an zuba iri kusan miliyan ɗaya cikin ƙananan jakunkunan algarara da yashi, aka jera a igiya aka nutsar a fili mai hekta biyu, don kada ƙaguwa ta cinye ko igiyar ruwa ta kwashe.

Sai dai idan aka tattara ayyukan dashe na duniya, kusan ɗaya cikin uku ne kawai yake rayuwa. Dalilan faɗuwa sanannu ne: a dasa inda abin da ya kashe ta tun farko yana nan, ko a dasa ɗan ƙaramin fili da ba zai iya kwantar da lakarsa ba, ko a zaɓi wuri mai ƙarfin igiya. A cikin Cesapik kanta, ƴan kilomitoci daga inda aka yi nasara, yawancin dashen bai kama ba saboda ruwan ya dagule. Wani lokaci ma maganin yana zuwa ta inda ba a zata ba. A wani mashigi na Kalifoniya, dawowar karen ruwa ce ta farfaɗo da ciyawar: yana cin ƙaguwa, ƙaguwa ta ragu, ƙananan halittun da ke lashe gansakuka daga jikin ganye suka yawaita, ganye ya samu haske.

Wanda ya ga aikin rabin wata da tassa a fakon Illela da Badagishiri, ko aikin Keita da aka fara a 1984, ya san wannan ƙa'ida. Ba a fara da dashe, ana fara da tsayar da ruwa da ƙasa.

Ina ya shafe mu?

Kada mu yi ƙari mu ma. Jan ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy da damina ba shi ke kashe ciyawar Danmak ba, kuma Zostera marina ba ta fitowa a mashigin Gini inda kogin Isa yake ƙarewa. Hanya ta farko da abin ya shafe mu ita ce ta ƴar uwarta ƙarama, Zostera noltei, wadda ta shimfiɗu a gandun Bank Dargin na Muritaniya, gandun da aka kafa a 1976 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Nan tsuntsayen gaɓa kusan miliyan biyu daga Turai da Saiberiya suke cin hunturu, nan kuma masuntan Imragen suke kamun kifi da jiragen filafilai. A lakar wurin akwai wasu ƙananan abin ɓawo da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu cinye gubar nan mai warin ƙwai, suna sauƙaƙa wa saiwa, ita kuma tana ba su oksijin.

Hanya ta biyu ita ce kasuwar kabon, wadda tuni ta iso mu ta fannin itatuwa. Ƙungiyar manoma ko magajin gari da aka kawo wa takardar yarjejeniya a kan gandun ƙaro ko gonakin sassaben zamani, tambayoyin da masanan teku suke yi su ne nasa: a wannan fili aka auna adadin ko daga wata ƙasa aka aro shi, shekara nawa aka ɗaure filin, wa zai biya idan fari ko gobara ta cinye abin da aka sayar, kuma nawa ne zai isa hannun mai gona bayan dillalai sun cire nasu.

Ta uku ita ce burgu, ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa a gefen kogin Isa. Shi ne yake yi wa koginmu irin aikin da ciyawar teku take yi wa gaɓa: yana rage gudun ruwa, yana riƙe laka, ƴaƴan karfasa da tarwaɗa suna fakewa a cikinsa lokacin cikowa, shanu kuma su ci idan ruwa ya janye. Abokan gabansa ma kusan ɗaya ne, yashin da koramu ke zubowa daga tuddan da aka sare, ruwan kwatar birni da ke ciyar da shukar nan mai shuɗin fure har ta rufe fuskar ruwa, da tumɓuke shi da saiwa don sayarwa a kasuwar harawa. Masu dashensa sun san yankan kara mai gaɓa biyu ko uku ake kafawa a laka daidai lokacin da ruwa ya fara hawa, kuma idan cikowa ta yi sauri ta shanye kan tsiron kafin ya miƙe, dashen wannan shekarar ya tafi.